Tawada a Hannun Dama

"Ni dai hannuna bai taɓa yarinyar nan ba. Shi ya amshi alƙalamin tawadar."

Lauratu mai ɗiga wa yara maganin shan inna ce ta faɗi haka a bayan ƙaramin asibitin Mabai, tana wanke akwatin ƙanƙara. Da wata take magana, ba ta san ina jingine da bango ina jiran katin Rukayya ba. Da ta ɗago ta gan ni sai ta kama tarin ƙarya.

Na amshi katin na wuce kamar ban ji ba. Ni dama haka nake, ko a makaranta sai malami ya kira sunana sau biyu nake amsawa. Amma maganar ta biyo ni har gida, ta hana ni sakat sati uku cur.

Rukayya ɗiyar Yaya Barau ce, shekararta biyu da rabi. Yarinyar da ke bin kaji da gudu har ta taka kwanon tuwo. Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, ran na huɗu ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta. Yanzu jan gindi take a tsakar gida tana, "Goggo, ɗauke ni."

Masu bincike suka zo daga Katsina. Wata Dokta Blessing ta karɓi kashin Rukayya sau biyu a 'yar roba, aka sa a ƙanƙara aka tafi da shi. Da sakamako ya fito ta dawo, ta zauna kan tabarmarmu da takardu.

"Shan inna ne," ta ce. "Abin da ya ɗaure min kai, a rubuce an ɗiga mata sau huɗu. Ga alamar allin masu rigakafi ma a bangonku. In maganin ne ya lalace a hanya dole mu sani, don shi yaran garin nan duka suka sha."

"Ƙaddara ce, likita," in ji Yaya Barau, idonsa a ƙasa.

Ta juyo gare ni. "Suwaibatu, ke kin yi sakandare. Kin lura da wani abu?"

"A'a."

Ƙarya na yi. Ni ke yi wa Rukayya wanka. Duk yaron da aka ɗiga wa, a ɗan yatsan hagu ake shafa masa tawada, ko yaran layi sun san wannan. Nata kuwa sau huɗun nan a dama yake. In Yaya ya saɓe ta ya fita da ita zaure, hannun hagunta a bayan wuyansa yake, na dama ne a waje.

Kuma mai kula da masu rigakafin unguwarmu Zailani ne. Zailanina, ɗan Sheme, wanda aka sa mana rana bayan girbi.

Tun rasuwar Baba, Yaya Barau ne ubana. Da farko cewa ya yi ba zai ba ɗan ɗige-ɗige ƙanwarsa ba. Rana ɗaya kawai ya sauko, har yana kiransa suruki. Ni sakara na ɗauka addu'ata ce ta ci.

Ran Juma'a bayan la'asar na ji ƙarar mashin ɗin Zailani. Na saɓi Rukayya na fita, na dire ta a ƙasa tsakaninmu.

"Sanyin idona, mi na yi? Sati uku ina kira ba ki ɗauka. Hanyar Faskari yadda take yanzu, amma na biyo ta saboda ke..."

"Wane hannu ake shafa wa?"

"Mi?"

"Tawada. Wane hannu?"

Ya yi 'yar dariya. "Hagu mana. Yau kuma jarrabawa za a yi mani?"

Rukayya ce ta ba shi amsa. Ta ja jiki a cikin ƙasa har gabansa, ta kama ƙafar wandonsa, ta miƙa masa ɗan yatsanta na dama.

"Kawu, sa min lalle."

Dariyar ta mutu a bakinsa.

"Ɗauke ta," na ce.

"Suwaiba..."

"Ɗauke ta ka tsayar da ita a ƙafarta, tunda a takardarka sau huɗu ta sha."

"Don Allah yi a hankali, mutane na wucewa."

"Su wuce. Su tsaya ma."

Ni kaina ban san muryata na iya kai nan ba. 

"Ba ki san aikin nan ba," ya ce. "In gida ya ƙi, yadda Yayanki ya ƙi, sai a rubuta, a kira mai unguwa, a yi ta tone-tone. Ba ni kaɗai ke shafawa in wuce ba. Wa ya san cutar za ta..."

"Kai ka sani. Kai ka zaunar da ni a kan dakalin nan kana zana mani yadda take shiga ciki ta kashe ƙafa. Har na ce a raina Allah ya ba ni miji mai ilimi."

Ya kau da kai wajen mashin ɗinsa, na ci gaba.

"Gidan Malam Rabo sun ƙi, sawu biyar ka yi, har liman ka ɗauko sai da suka yarda. Ka tafi har Sabuwa cikin daji, ana harbi, don yara bakwai. Nan kau? Nan da kake shan fura duk Juma'a?"

"Wallahi ban yi barci ba tun da na ji, masoyiyata."

"Kar ka ƙara kirana haka a gabanta."

Na share hawaye da bakin hijabi. Haushinsa nake ji, da na Yaya da ya laɓe a zaure ina ganin inuwarsa, da na kaina da na kalli likita na ce a'a.

"Ran Litinin Dokta Blessing za ta dawo. Suna can suna zargin magani, har an fara cewa a bakin rijiya wai wanda ya sha ma ya shanye, iyaye na ɓoye yara. Ko ka faɗa mata ko ni in faɗa."

"Za su kore ni, Suwaiba. Yayanki kuma zai ce na tona shi... auren fa?"

Rukayya na nan riƙe da wandonsa, yatsanta a sama, tana jira.

Na sunkuya na ɗauke ta, ƙafar tana lilo a gefena. Sati uku ina kewaye maganar nan, don na san in na ji amsar, har da ni a cikin laifin. Na ɗago na kalle shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da ya fara zuwa zance.

"Zailani, tsakaninka da Allah... da ba ni kake nema a gidan nan ba, da ka ɗiga mata?"