Kwandon Da Ba A Taɓawa

Ranar da Auta ta fara tsayawa a rumfar Dogo, tambayar da ta yi masa ba irin ta masu girki ba ce.

"Malam, a cikin tumatirin nan wanne ne ya fi daɗewa bai ruɓe ba?"

Dogo ya ɗago kai daga kayan da yake tsincewa. Saurayi ne mai tsayi, sai ya sunkuya yake shiga rumfarsa, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya saba jin mata suna tambayar wanne ya fi ja, wanne ya fi kauri a tukunya. Wannan kuwa ta tsallake jajayen, ta kai hannu kan masu tauri, waɗanda kore bai gama barin jikinsu ba.

"'Yar'uwa, in kika dafa wannan yau, maigida zai tambaye ki laifin da ya yi miki."

"Ba ni da maigida. Kuma ba dafawa za a yi ba."

"To ado za a yi da shi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta dube shi da idanun wanda ya daɗe bai yi barci mai daɗi ba, sai ya ji kunyar bakinsa. Ya zaɓo mata da kansa, yana juya kowanne yana duba gindinsa. Da ta miƙo leda, ya girgiza kai.

"Leda tana sa shi gumi. Kada ki wanke shi, kada ki ajiye shi kusa da ayaba. Ki kifa shi ta wajen hancinsa, a inda iska ke ratsawa. Albasa kuma kada ta kwana da dankali, ba sa jituwa."

Ta gode, ta ɗauki kwandonta. Da ta isa bakin babban titin da ya raba kasuwa da unguwarsu, ta tsaya har motoci suka ɗauke gaba ɗaya, sannan ta tsallaka da sauri, ba ta duba ƙasa ba.

A wannan titin mahaifiyarta ta rasu.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Wata safiya Mama ta dawo daga cefane, ta ajiye kwando a kan teburin kicin, teburin da Baba ya haɗa mata da hannunsa, don shi kafinta ne. Baba ya ɗaga na sama, ya tarar da tumatirin ƙasa ya yi laushi yana ruwa. Ya yi faɗa, ya ce an cuce ta, ta mayar musu da kayansu. Ta kwashe tumatirin ta fita, ta bar sauran cefanen a kwando. Mota ta ɗauke ta kafin ta kai wancan gefen.

Tun daga ranar Baba ya hana a taɓa kwandon. Da kayan ciki suka ruɓe Auta ta zubar, sai ya yini bai sa komai a bakinsa ba. Washegari ya ce ta je ta cika shi kamar yadda yake. Haka aka shiga yi har shekara ta zagayo. Abincin gida daban ake saya, na kwando daban, kuma ba mai ci. Baba ba zautacce ba ne, ya san matarsa tana ƙasa. Amma kullum da hantsi sai ya baro aikinsa ya zauna a ƙofar kicin yana kallon kwandon, ƙananan ƙudaje suna yawo a kansa, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya kama labule da bango. Ita kanta Auta, in ƙofar gida ta yi ƙara a wannan lokacin, sai gabanta ya faɗi, ta ji kamar takun da ta sani ne.

A faɗi gaskiya, wannan ɓarna ce, ko da hawaye aka yi ta. Abinci ba a halicce shi don a zauna a kalli ruɓewarsa ba. Sai dai ba wanda ya iya faɗa wa tsohon, domin mutane sun fi son su tausaya maka daga nesa da su gaya maka gaskiya a kusa.

Tumatirin Dogo ya daɗe fiye da duk wanda Auta ta taɓa saya. Ranakun azumin dole na Baba suka ragu. Ta koma rumfar, ta sake komawa. Dogo ya koya mata naɗe alayyafo a tsumma mai danshi, da yanke ganyen karas don kada ya tsotse ruwan jikinsa. Ya nuna mata yadda wasu ke yayyafa wa ganyen jiya ruwa ya yi sheƙi.

"Ki karya kara ɗaya. In ya ce ƙas, na yau ne. In ya lanƙwashe yana ba ki haƙuri, ki wuce."

A nan ta fara dariya, har ta rufe baki da gefen mayafinta kamar ta yi laifi.

Ya karɓi lambarta da hujjar zai riƙa sanar da ita in sabon kaya ya sauka. Saƙonsa na farko ya ce:

"Ɗanyata, an sauke masu taurin kai irin naki. Na ɓoye miki a inuwa."

Ta mayar masa: "Wa ya ba ka izinin raɗa mini suna?"

"Tumatirin da kike saya. Ni dai shaida ne."

"To Dogona, ka gaishe su."

Ta tura kafin ta lura da abin da ta rubuta. Ta kifa wayar a kan gado, ta yini ba ta ɗaga ba.

Wata rana da kasuwa ta yi sanyi, ya sa ta zauna a kan benci, ya ce, "Ɗanyata, na daɗe ina sayar miki da abin da ba a ci. Wa nake ciyarwa?"

Ta ba shi labarin duka, idonta a kan sikelinsa. Da ta gama, bai yi mata wa'azi ba. Ya ce kawai, "Ke fa? Ke ma a kan teburin aka ajiye ki?"

Ta miƙe, ta ɗauki kwandonta ta tafi. Amma a daren ba ta ci abinci ba, tambayar ce ta cika mata ciki.

Da Dogo ya aiko manyansa neman izinin zuwa gaisuwa, Baba ya saurare su har suka kai kan sana'ar yaron. Nan ya miƙe.

"Mai kayan gwari? Masu jera na kirki a sama su binne ruɓaɓɓe a ƙasa? Su suka kashe mini mata. Ba zan haɗa jini da su ba."

Ya hana Auta zuwa rumfar. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta samu ƙofa. Ta daɗe tana tallar wani mai kemis a bakin layinsu.

"Ke Auta, ki yi wa kanki faɗa. Yaron nan yana da mota, shagonsa da fanka. Wancan kuwa har ki tsufa kina wanke rigar da ke warin albasa."

"Gwaggo, ai wannan ma warin magani yake yi."

"Ji bakinta. Aƙalla in kin yi ciwon kai ba sai kin fita ba."

Auta ta koma sayen cefane wajen wasu. Kayan ba su daɗewa. Baba ya koma yini da yunwa akai-akai, wuyansa ya zurma, hannunsa ya fara rawa a kan zarto. Ran da jiri ya kwashe shi, mai kemis ne ya kai su asibiti a motarsa, kuma motar ta bi ta gaban kasuwa. Da yamma saƙon Dogo ya shigo:

"Na gan ki a gaban mota. Allah ya sanya alheri. Da kin faɗa mini da bakinki."

Ta rubuta: "Da tsayin nan naka ba ka hango Baba kwance a baya ba?"

Ya karanta. Sannan: "Ki yafe mini, Ɗanyata. Kishi ya rage mini tsawo. Gobe zan zo gidanku."

"Kada ka zo. Zai kore ka."

"To ya kore ni ina kallonsa."

Da hantsi ya yi sallama. Baba yana zaune a ƙofar kicin kamar kullum, Auta tana tsaye a bayansa. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi. Hannunsa ba komai.

"Kai ne mai tumatirin?"

"Ni ne, Baba."

"Ka zo ka ga aikin 'yan'uwanka?" Ya nuna kwandon. Kabejin ciki ya fara baƙi, ruwa yana ɗiga ta ƙasan teburin.

"Baba, akwai macuta a cikinmu, ba zan kare su ba. Amma zan faɗi abin da na sani. Nunannen tumatir in aka sa shi a ƙasan kwando, aka ɗora albasa da dankali a kai, aka taho da shi cikin rana, kafin a iso gida zai fashe ya yi ruwa. Ko wa ya sayar da shi."

Auta ta runtse ido. Ta san a ƙasa Mama take sa tumatir, kullum, don kada ya gangaro.

Baba ma ya sani. Fuskarsa ta sauya. Ya dubi teburin.

"Kana nufin ba wanda ya cuce ta. Ni na tura ta titi a banza."

"Ban ce haka ba, Baba."

"Ni na ce." "Da faɗa na rabu da ita. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta tafi tana fushi da ni."

A nan Auta ta gane abin da tsohon yake gadi a ƙofar kicin. Ta zagayo ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ba ta yi fushi ba. Ni na raka ta ƙofar gida. Dariya take yi."

Ya dube ta kamar bai san ta ba.

"Ta ce mini, 'Auta, ɗora ruwa, ki yanka albasar nan kafin in dawo. Babanki ba faɗa yake ji ba, yunwa yake ji.' Kafin in ɗauko wuƙa aka zo da labari. Daga baya ka ce kada a taɓa kwandon, ni kuma na ji tsoron ambaton ranar a gabanka."

Iska ta kaɗa ƙofar gida ta yi ƙara, su ukun suka juya tare. Ba kowa.

Baba ya share fuskarsa da tafin hannu. Ya ce, "Akwai albasar da ba ta lalace ba a ciki?"

Dogo ya miƙe ya duba, ya ciro biyu masu ƙarfi. "Waɗannan lafiyarsu lau."

"Ba ta. Uwarta ta sa ta aiki, ba ta yi ba."

Auta ta yanka albasar a kan teburin, hawaye yana zuba, ba ta damu ta ɗora wa albasar laifi ba. Baba ya ci abincin da aka yi da ita har ya suɗe kwano. Dogo bai ci ba, don ba a ce ya ci ba. Da zai tafi, tsohon ya ce masa, "Ka ji maganar da ba a faɗa wa baƙo. Je ka tukuna."

Kwanaki suka wuce Baba bai tayar da maganar Dogo ba. Auta ta wanke kwandon ta rataye, ta wanke labule, warin ya fita daga gidan sannu a hankali. Gwaggo ta ci gaba da yabon fankar mai kemis. Auta ta fara cire rai.

Sai wata safiya Baba ya sa rigarsa ta fita, ya sauko da kwandon daga ƙusa.

"Taso ki raka ni."

Tun rasuwar Mama bai taka bakin titin nan ba, ko aiki aka ba shi a wancan gefen sai ya ƙi. Da suka isa, ya tsaya cak. Motoci suna wucewa, Auta tana riƙe da hannunsa. Ya kafa ido a wani wuri a tsakiyar kwalta, inda babu komai sai ƙura.

Daga can Dogo ya hango su. Ya bar mai saye tsaye da kuɗi a hannu, ya tsallako, ya kama ɗaya hannun tsohon. Suka jira hanya ta buɗe, suka ratsa da shi a tsakiyarsu, taku ɗaya bayan ɗaya.

A gaban rumfa Baba ya ajiye kwandon, ya numfasa.

"Zuba mini nunannu. Yau za a ci."

"To, Baba."

"Kuma ka ce wa manyanka su dawo. Wancan karon ban ba su ruwa ba."

Auta ta juya baya, ta rufe fuska. Dogo kuwa ya rikice har ya zuba wa tsohon tattasai a maimakon tumatir, sai da mai sayen nan ta ce, "Malam, ka ba ni canjina kafin ka haukace gaba ɗaya."

An ɗaura auren ba da daɗewa ba, ba tare da bidi'a ko bashi ba. Gwaggo ce ta fi kowa rawar kai a ranar, tana gaya wa mutane ita ta fara gano yaron kirki ne. Suka kama ɗaki a layin bayan gidan Baba, inda Auta za ta iya kai masa abinci da zafinsa.

Da za ta fita daga gidan, Baba ya riƙe ta a ƙofa, ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Na tsare ki a kan abin da ba laifinki ba, ki yafe mini." Ya juya ga angon. "Kai kuma, in ranka ya ɓaci, kada ka bari ta fita ƙofa ba ku shirya ba. Ko da kai ne mai gaskiya."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai jin ƙai, ya sa ku tsufa tare."

Duk wanda ke wurin ya ce amin. Baba ya tsaya a ƙofar yana kallonsu har suka sha kwana, sannan ya koma ciki.