Madarar Barka

Usaini ya yi shekara tara yana ɗaukar buhu a wata masana'antar faranti da ke Idu, yana kwana a ɗaki guda a Karmo, shi da matarsa Hafiza. Ba su da ɗa. Ba su da komai, in ka cire katifa da risho da wata fanka mai juyawa in ta ga dama.

A masana'antar akwai wani farin gari da ake yin farantan nan masu wuyar fashewa da shi. Ba ya wari, ba shi da ɗanɗano. Wata rana wani injiniya ya faɗa cikin raha cewa in aka zuba garin a madara, na'urar gwaji za ta ce madarar ta fi kowace gina jiki. Ya ƙara da cewa a cikin jariri kuwa taruwa yake yi a ƙoda, ya zama tsakuwa. Leburori suka ce tir, suka koma aiki. Usaini ya riƙe rabin farko na maganar. Da yamma ya tsaya a gaban wani shago a kasuwar Wuse, yana kallon mata, ma'aikatan ofis da masu aikatau, suna rububin gwangwanin madarar jarirai mai hoton yaro yana dariya.

Dabara yana da ita. Abin da ya rage shi ne wanda zai rufe masa idon mutane.

Aka yi masa kwatancen wani boka, Maude. Bayan Kwali, ka wuce ƙauyen masu ginin tukwane, ka bi hanyar ƙafa cikin gonakin doya har ka ga tsohon ramin gashin tukwane. Ya isa rana na tsaka. Bukkar ba ta da taga. A ciki tukwane ne jere har bango, kowace an rufe bakinta da fatar akuya an ɗaure da jan zare, wasu suna tsattsafo da ruwa kamar masu gumi. Daga rufi tsofaffin zannuwan goyo ne ke reto. Wurin yana zarni. Maude tsoho ne siriri, da farar riga tsaf, yana ɓare gyaɗa, wayarsa na caji a jikin ɗan faifan sola a bakin ƙofa.

Bai ɗago ba ya ce, "Kai ne mai garin faranti."

"Ban faɗa wa kowa ba, Baba."

"Yana ƙarƙashin farcenka. Me kake so?"

"Kasuwa. Kada hukuma ta gani, kada uwa ta yi shakka. Duk wanda ya ɗauki gwangwanina ya rantse daga Turai ya zo."

"Ka san abin da garin ke yi wa yaro?"

"Kaɗan zan riƙa sawa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Usaini ya yi shiru. Maude ya ce shirun ya isa.

Ya jawo wata tukunya sabuwa, wadda aka gina mata nonuwa biyu a gaba. Ya kife ta don Usaini ya ga ba komai a ciki. Ya sa shi ya dama garin da ruwa, ya ba tukunyar cokali uku a baki kamar mai ciyar da jariri. Ya aske masa gashi kaɗan ya jefa ciki. Sannan ya ciro zani daga rufi ya goya masa tukunyar a baya, ya ce ya zagaya ramin gashin tukwanen sau bakwai yana jijjiga ta. Namiji mai gemu, da goyo, cikin rana. A zagaye na biyar Usaini ya ji abin da ke bayansa ya yi ɗumi. A na bakwai ya ji ya motsa.

Da ya sauke ta, ya ce, "Me zan yanka?"

"Ba ka yanka ko kaza. Wannan ba ta shan jini, ruwa take sha. Duk yaron da fitsarinsa ya tsaya saboda kai, nan zai zo. Ba a kwashewa, ba a zubarwa. In ta kusa cika, cikon ƙarshe daga gidanka zai fito."

"Daga gidana wa?"

"Abin da ka haifa."

Usaini ya yi dariya, karo na farko tun da ya shigo. "Baba, shekara tara da aure. Likita ya ce matsalar daga ni ce."

Maude ya jefa gyaɗa a baki. "To ka sayi arha."

Usaini ya kama wata rumfa a bayan Karmo. 'Yan bola suka riƙa kawo masa gwangwanayen da aka shanye, ana wankewa, ana cikawa da madarar buhu mai araha da garin faranti, inji na liƙe baki. Ko mai kamfanin ba zai bambance ba. Don kada shi kansa ya ruɗe, sai ya sa ana buga ɗan ɗigo da ƙusa a gindin kowane gwangwani nasa. Jami'ai sun zo sau biyu. Sun tsaya a kan buhunan garin suna tambayar ko akwai ruwan sanyi.

Cikin shekara biyu ya koma Gwarimpa, gida mai bene da motoci biyu. Aka daina cewa Usaini, sai Oga, daga baya Alhaji. Tukunyar tana wani ɗan ɗaki a bayan gidan, mabuɗin a aljihunsa. Kowace Juma'a yakan ɗaga fatar ya leƙa. Ruwan na hawa.

Wata rana ya je Karmo duba rumfa, ya tarar da taro a tsohon gidan da ya zauna. Elizabeth ce aka yi wa rasuwa, maƙwabciyarsu mai sayar da shinkafa da wake, wadda ta sha zuba musu abinci a lokacin da risho ya kwana ba wuta. Jikanta ne, Obadiah, ɗan wata biyar. Uwarsa shara take yi a otal, madara ake ba shi.

Elizabeth ta riƙe hannun rigarsa. "Oga, yaro yana kuka in zai yi fitsari. Daga baya jini ya fito. Daga baya babu komai. Kwana biyu famfas a bushe. Ya kumbura kamar kwaɓin fulawa. Mu kuma madara mai kyau muke saya masa, wallahi, ta Turai."

Usaini ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ba da motar da ta kai gawar ƙauyensu, ya aiko da buhun shinkafa. Elizabeth ta durƙusa a cikin taɓo tana sa masa albarka. Ya koma gida ya leƙa tukunya, ya wanke hannu, ya ci tuwo.

A shekara ta uku Hafiza ta samu ciki.

Ya tuna da Maude a ranar. Ya je ya auna tukunyar da hannu, saura taƙi ɗaya ta cika. Ya ce zai daina, bari dai ya ƙarasa kayan da ke ƙasa. Kayan da ke ƙasa suka ƙare, wasu suka iso. Ya lallashi kansa da hankali irin na ɗan kasuwa: garin ne ke kisa, in garin bai shiga bakin yaro ba, tukunya ba ta da hannun da za ta miƙo.

Sai da aka yi wa Hafiza tiyata. Jaririyar mace ce, fara, mai yawan gashi. Ruwan nono bai zo ba. Usaini ya sa aka sauko masa da madara ta gaskiya ta jirgi, kwali goma. Amma haihuwar fari ce, don haka Hafiza za ta tafi wankan jego gidan uwarta Fatu a Kurudu. Ya so ya hana. Fatu ta aiko cewa ba a kanta za a fara barin al'ada ba, ko da surukin nata shi ya gina Abuja.

Ya kai kwalayen da kansa. Ya ce wa Hafiza, "Wadda na kawo kaɗai za ki ba ta. Ko ta wa ce, kar ki karɓa."

"Me ya sa, Alhaji?"

"Na dai faɗa miki."

Ran suna aka sa wa yarinya Ikhlas. Mata suka cika gidan Fatu da kayan barka, sabulu da atamfa da famfas. Da yake an ji cewa mai jego ba ta da nono, da yawa suka kawo madara. Elizabeth ta zo tun daga Karmo da gwangwani biyu a leda, na masu tsada. Ta ce wa Fatu, "Mama, ogan nan ya tsaya mini ranar da nake kuka. Ba ni da abin da ya fi wannan."

Fatu ba ta mayar da kyautar da aka kawo don Allah. Ɗakin ƙarami ne, ga mai jego kwance da ɗinki, ga gwangwanaye sun tare hanya. Ta duba na surukinta, ta duba na barka. Hoto ɗaya, yaro ɗaya yana dariya. Ta ce iyayi ne kawai irin na masu kuɗi. Ta samo babban bokiti mai murfi, ta farke su duka ta juye, ta gauraya da muciya don kada ta dunƙule. Hafiza na barci.

Usaini na zuwa duk bayan kwana biyu. Yakan durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya gaida surukarsa, a miƙo masa jaririya ya riƙe a tsakar gida. Suruki ba ya shiga ɗaki, ba ya tambayar abin da ke cikin bokiti. A waya yakan ce wa Hafiza, "Wadda na kawo ake ba ta?" Ta ce e. Ba ƙarya ta yi ba, iyakar saninta ke nan.

Kwana talatin da uku da haihuwa, da safe, Hafiza ta kira.

"Abban Ikhlas, tun jiya ba ta jiƙa famfas ba. Sai miƙa take yi tana ƙara."

Bai san yadda ya isa Kurudu ba. A ƙofar gida ya tarar da ɗan bola yana loda gwangwanaye a amalanke. Ya ɗauki ɗaya ya kife. Ɗigon ƙusa. Ya ɗauki wani. Ɗigon ƙusa. Ya kife bakwai.

Ya faɗa ɗakin Fatu da takalmi. "Inna, ina madarar da ke cikin waɗannan?"

Ta ja mayafi, ta nuna bokiti. Saura kaɗan a gindi. "Ga ta nan, na haɗe. Ai duk ɗaya ce, ɗan nan."

A asibiti likitar ta ɗaga hoton ƙodar a gaban fitila. Tsakuwa a duka biyun. Ta ce shekara biyu ke nan irin waɗannan yara na cika mata ɗaki, ta rasa daga ina abin yake. Ta dubi Usaini. "Alhaji, in akwai abin da ka sani game da madarar nan, faɗa mini. Zai taimaka mana."

Hafiza ta dube shi. Ya dubi takalminsa. Ya ce bari ya ɗauko abu a mota, ya kama hanyar Kwali.

Maude na zaune inda ya bar shi, da gyaɗarsa.

"Baba, ka karɓi gidan. Ka karɓi motocin."

"Ina zan je da mota?"

"To a ɗauke ni a bar ta."

"Kai ka yi girma. Ba irin naka take sha ba."

"A kwashe ruwan. A rage ko kofi ɗaya ne."

"Na faɗa maka ba a kwashewa."

Usaini ya kama ƙafarsa. "Kai ka yi wannan. Kai za ka warware."

Maude ya janye ƙafar, ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. "Ni ban taɓa garinka ba. Ban san inda ake sayar da gwangwani ba. Tukunya na ba ka, na kife ta a gabanka, ba komai a ciki. Duk abin da ke cikinta yau kai ka zuba."

Waya ta yi ƙara a aljihun Usaini. Bai ɗauka ba. Ya san saƙon.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya buɗe ɗan ɗakin. Ruwan ya kai baki, yana ɗiga ta nonuwan tukunyar. Ya ɗauki taɓarya ya fasa ta. Ruwan da ya fito ya fi ƙarfin tukunya goma. Ya bi ta ƙarƙashin ƙofofi, ya shiga falo, ya jiƙa darduma. An wanke, an sake fenti, an cire tayil. Har yau ba mai iya tsayawa a gidan saboda zarni.

Da tukunya ta fashe, idon mutane ya buɗe. Cikin mako jami'an da suka sha ruwan sanyi suka dawo, suka ga buhunan da suka taɓa tsayawa a kai, suka kama Usaini. Labari ya kai Kurudu. Fatu ta ji, ta dubi hannunta na dama wanda ya riƙe muciya, ta faɗi. Ba ta kai sadakar arba'in ɗin jikarta ba. Hafiza kuwa tana gidan wani yayanta. Wuni take da famfas a cinya, tana zuba masa ruwa da buta, tana ɗagawa tana nuna wa duk wanda ya shigo. "Ta yi," take cewa. "Ku duba, ta yi."

Elizabeth ta je wurin Usaini sau ɗaya a inda ake tsare da shi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Oga, na kai sunanka coci, na ce a yi maka addu'a. Na sayi guba da hannuna na kai wa 'yarka don in ce na gode." Ta ajiye masa buhun shinkafar nan a kan tebur, wayam, a ninke. Ta tafi.

Yana nan da rai, lafiyarsa ƙalau. Masu gadi sun ce ba ya damun kowa, sai in ya zaga bayan gida. Da ya ji sautin fitsarinsa sai ya fara ihu.

Kai mai neman kuɗin gaggawa, kada ka ɗauka sai ka yanka mutum kafin ka zama mai kisa. Usaini bai taɓa riƙe wuƙa ba, cokali ya riƙe. Kuma kada ka ce za ka tsare naka ka kashe na wasu. Garin nan ba shi da katanga. Abin da ka sayar a Karmo, a leda za a kawo maka shi Kurudu, da murmushi, a ce barka.

Gwangwanayen da ya cika ba a gama tattaro su ba.