Tunkiyar da Callum Ya Bari a Gidan Birkett

An ɗaura auren Hazel Birkett da Callum Relph ranar Asabar a cocin kwarinsu da ke arewacin Ingila. Mahaifinta Wilf, wanda ya sha cewa ba da shi ba, shi ya riƙo hannunta har gaban limamin coci.

Tumakin gidajen biyu tare suke kiwo a kan dutse, sai da kaka a koro su a ware. Kalma ɗaya mutanen kwarin suke da ita, shed, ta ware tumaki, da tsaga gashin kai, da tudun da ke raba ruwan sama biyu. Wanda bai iya ta tumaki ba, a wurinsu ba makiyayi ba ne.

A wurin warewar ne Hazel ta fara ganin Callum. Ita ke koro tumakin, shi ke riƙe da ƙofa: mai jan fenti hagu, mai shuɗin gidan Birkett dama. Sai ga wata mai ja, ta gidan Relph, ta shige cikin na Birkett.

"Ɗan Relph, idon nan naka na ado ne?" in ji ta.

Washegari ya zo ɗaukar tunkiyarsa, ya sha shayi, ya tafi ya bar ta. Haka ya yi ta zuwa. Ranar da bai samu zuwa ba sai saƙo: "Shuɗiyata, ya tunkiyata?" Ita kuma ta mayar: "Ta fi ka hankali. Zo ka gani."

Da maganar aure ta taso, Wilf ya ƙi. Hazel ce kaɗai 'yarsa, garken nata zai zama, kuma ba zai bar shi a hannun wanda ƙofa ta gagara ba.

Hazel ba ta yi gardama ba. Ta roƙe shi ya fito fili ya nuna tumakin da ya ga dama. Callum ya yi fito, karyarsa ta kutsa tsakiyar garken, ta fitar da waɗanda aka nuna, sauran ko firgita ba su yi ba.

Wilf ya daɗe yana kallo. "Mai wannan hannun ba ya kuskuren ƙofa."

"Ai ban yi kuskure ba, Baba," in ji Callum.

"Na gani. To dawo nan ka riƙa ba tunkiyarka ciyawa da kanka, na gaji."

A wurin walima Wilf ya sa musu albarka a taƙaice, ya zauna. Tunkiyar ta haihu a gidan Birkett, kuma har yau ba a daidaita kan fentin da za a shafa wa ɗan ba.