Gilashin da Ya Makance

Itatí ta ɗiga maganin kashe ciyawa a kan ɗan gilashin, ta haska shi, ta jira.

Hasken bai sauya ba.

Ƙuruciyarta ta ƙarar a wannan ɗakin bincike na birnin Rosario kan gilashin nan. Bai kai farce ba, an shafe shi da ƙurar zinaren da ido ba ya gani. Guba na taɓa shi, haskensa sai ya koma ja. Da can sau ɗaya ake awo da shi a yar. Ita ta gano yadda za a wanke shi a sake aiki da shi: tsomawa ɗaya, a cire. In ya jima a ruwan wankin, zinaren ya zube, kowane ruwa sai ya nuna mai kyau ne.

Leandro, saurayinta kuma abokin aikinta, shi ya yi wankin jiya, kafin a auna ruwan rijiyar ƙauyen su Itatí, wadda aka rufe saboda zargin guba daga gonar waken suyan mahaifinsa da take gindinta. Sakamako ya fito fes. Baiwar Allah har rawa ta taka.

Ya shigo riƙe da ƙoƙon shayin mate, yana murmushi.

“Rabin raina...”

“Me ka yi wa gilashina?”

Murmushin ya gudu. Da ƙyar ya faɗa mata: Doña Amalia, mahaifiyarsa, wadda tun farko ta ce yarinyar nan rusa musu gida ta zo yi, ita ta tasa shi gaba da kuka. In ruwan ya fito da tsabta, ta yarda da auren. In ba haka ba, gona ta tafi, shi ma ya nemi wata uwar. Shi ya sa ya bar gilashin ya jima a ruwan wankin.

“Don mu na yi, Itatí. Har maganar coci Mama ta fara...”

“Jiya na kira gida, Leandro. Na ce su buɗe rijiyar.”

Ya kasa ɗago kai. Abin takaicin, har a lokacin sonsa take, son da ke ci mata zuciya. Ta zare zobensa ta ajiye kusa da gilashin, ta kira gida.

“Mama, kada kowa ya sha ruwan nan...”

“Wane ruwa, 'yata? Ai tun jiya gari ke ɗiba. Kowa albarka yake sa miki.”