Tsawa da Birki

Motarsa ta sake kamawa da wuta, kuma sunan da ya bayyana a saman allo shi ne dai na ɗazu: Tsawa.

Birki ya zare hedfon daga kunnensa ya ajiye a kan tebur. Tun da ya shigo ɗakin gem ɗin nan, inda ake wasan kwamfuta, da la'asar, wata 'yar jar mota mai bindiga a kan bonet take bin sa. Ya ɓuya bayan rusasshiyar gada, ta zaƙulo shi. Ya shige rami, ta jefo masa bam. Wasan yaƙin motoci ne, kowa na harbin kowa, amma wannan kamar shi kaɗai ta sa a gaba.

Ya miƙe yana bin layin kujerun da kallo. "Don Allah wane ne Tsawa a nan?"

Samarin wurin suka kwashe da dariya. Daga kujerar ƙarshe kusa da taga wata budurwa ta ɗaga hannu, idonta na kan allo. Farar rigar masu aiki a shagon magani ce a jikinta, ƙafarta na ta kaɗawa a ƙarƙashin tebur.

"Me na yi miki, baiwar Allah?"

"Sunanka ne ya ba ni haushi," ta ce. "Ka sa wa kanka Birki, kuma tun ɗazu ban ga ka taka shi ba."

Sai a lokacin ta juyo ta kalle shi. Ya tsaya yana sosa ƙeya har aka sake harbe motarsa a can allon da ya baro.

A ɗakin nan da sunan gem ake kiran kowa, su ma a haka suka ci gaba da kiran juna. Shi direban motar asibiti ne, mai ɗauko marasa lafiya. Ita kuma daga shagon magani take biyowa ta yi wasa kafin ta wuce gida. Kafin su rabu ranar ya karɓi lambarta, wai don ya nemi fansa.

Washegari tana jera kwalaben magani saƙonsa ya shigo.

"Barka da aiki, Tsawa. Motata tana asibiti, likita ya ce ke ce sanadi."

Ta ajiye wayar. Ta sake ɗauka. Ta rubuta, ta goge, ta kai ƙofar shago ta dawo, sannan ta tura:

"Allah Ya ba ta lafiya. Ka ce mata ta huta, yau ma ina nan zuwa."

Daga harbin juna suka koma tafiya tare. Shi ya zaɓi wata ƙatuwar motar sulke yana tare mata harsashi, ita tana fitowa ta bayansa ta tarwatsa duk wanda ya kusato. Ba a daɗe ba hirar ta bar gem ta koma wani wuri.

"Tsawata, kin ci abinci?"

"Ban ci ba. Na kasa zama ma. Kai ne ka hana ni sukuni."

"To ki ba ni izini in turo manya, ko ma samu mu zauna wuri ɗaya."

Ta karanta saƙon nan har wayar ta yi zafi a hannunta. Ta amsa da kalma ɗaya: "Turo."

Akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba. Kaftin, shugaban tawagarsu a gem, ya daɗe yana zagaye Tsawa, ita kuwa ba ta taɓa ba shi fuska ba. Ya san abin da Birki bai gama sani ba. Mahaifinta mai gyaran jikin mota ne, kuma shekarun baya babban ɗansa ya rasu a haɗari a kan hanya. Motar da ya mutu a ciki garejin uban aka jawo ta. Tun daga ranar ko a talabijin aka nuno mota ta kife, Baba tashi yake ya bar ɗakin.

Kaftin ya kai motarsa garejin wai a duba masa ƙofa. Cikin hira ya ciro waya. "Baba, ashe surukinka gwani ne. Duba ka gani."

Bidiyo ne da aka ɗauka a ɗakin gem. Ga Birki a gaban allo, motoci na tashi sama suna fashewa, shi kuma yana dariya har da dukan tebur.

Da yamma Baba ya kira Tsawa falo. Bai ko wanke hannu ba, baƙin mai na nan a farcensa.

"Auta, ki gaya wa yaron nan kada ya turo kowa."

"Baba, me ya yi?"

"Na gan shi. Mota na ci da wuta yana dariya." Ya dubi hannunsa. "Ni na kankare jinin yayanki daga jikin sitiyari. Ba zan ɗauke ki in ba wanda wannan ne abin nishaɗinsa ba."

Mama ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, ya shige ɗaki.

Tsawa ta kira Birki ta gaya masa komai tana kuka. Da ta gama ya ce, "Na ji. Ki bar ni in yi tunani."

Daga nan ta daina jin ɗuriyarsa. Ta shiga gem, sunansa babu a jerin tawaga. Ta tura saƙo:

"Birkina, ina ka shiga?"

Babu amsa. A shago ta miƙa wa wata mata maganin tari a maimakon na ciwon kai, sai da mai shagon ta karɓe ta ce ta je ta zauna. Zaman ma ya gagara. Duk motar asibitin da ta wuce da jiniya sai ta fita bakin titi ta leƙa direban.

Ta je ɗakin gem. Kujerarsa wani ne a kai. Kaftin ya matso yana murmushi.

"Ai ya fita daga tawaga, ya goge komai nasa. Irin waɗannan da sun ji wuya suke gudu. Ni kuwa ina nan."

"Wa ya ɗauki bidiyon nan?" ta tambaye shi.

Ya kau da kai. Ta ɗauki jakarta, daga nan ba ta tsaya ko'ina ba sai asibiti.

Ta samu Birki a wurin ajiye motoci yana wanke bayan motarsa da tiyo. Ya rame.

"Guduwa ka yi?"

"Ba guduwa na yi ba. Na daina wasan ne, na ba da kwantirolata, na'urar da nake wasan da ita, kyauta. Na so sai na tabbatar zan iya, sannan in je in gaya wa Baba na bari."

"Shi ne ba za ka gaya mini ba? Ka san halin da na shiga?"

"Na ji tsoron in ji muryarki in kasa."

"Wa ya ce ka daina?" Hawaye suka zubo mata. "Idan laifi ne, ai na fi ka. Jar motar da ta fasa taka a bidiyon nan, ta wace ce? Kana so a ba ka ni a kan abin da ni kaina nake ɓoyewa?"

Ya kashe ruwan. "Ki yafe mini, Tsawata."

"Zan yafe. Amma ka amsa waya ko da zagi ne zan yi."

A ranar ta samu Baba a gareji yana buga ƙofar wata mota da guduma. Ta jira har ya ɗago. Ta ciro wata tsohuwar kwantirola daga jaka, maɓallanta duk sun goge, ta ɗora a kan benci.

"Ta Yaya ce, Baba. Shi ya koya mini wasan nan, a ɗakinsa, idan ka fita aiki. Jar motar da nake tuƙawa shi ya zaɓa mini. Da ya rasu na kasa shiga ɗakinsa, na kasa kallon hotonsa. A nan kaɗai nake iya tuna shi ban ji numfashina ya tsaya ba. Ina cikin bidiyon da aka nuna maka. Ni na harbi motar."

Baba ya daɗe yana kallon kwantirolar. Ya ɗauka ya sa a aljihun rigar aikinsa, ya ci gaba da buga ƙofar, sai dai gudumar ba ta sauka daidai.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Tsawa ta share falo, ta sake sharewa. Mama ta ce, "Auta, za ki cinye tabarmar nan da tsintsiya. Zauna."

Wata safiya Birki ya dawo daga ɗauko wani majinyaci, ya ga dattijo tsaye kusa da inda yake ajiye mota. Ya gane mahaifin Tsawa ne, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Tashi," in ji Baba. Ya zagaya motar, ya shafa gefenta, ya leƙa ciki inda gadon yake. "Kana zuwa wurin haɗari?"

"Kusan kullum, Baba."

"Kana ganin abin da nake gani ke nan. Kafin ma ni in gani."

"E, Baba."

"To don me za ka tashi daga wannan ka je ka zauna kana fasa motoci kana dariya?"

Birki ya sunkuyar da kai. "Baba, a can idan mota ta fashe, jim kaɗan direban yake dawowa, da sabuwar mota, ba ko ƙwarzane. A nan kuwa nakan yi gudu iya ƙarfina, wani lokaci in iso da mutum ya riga ya cika. Idan na koma gida ba na iya runtsawa. Sai na je inda ake dawowa nake samun barci."

Baba ya juya masa baya. Ya ciro hankici ya daɗe yana goge fuska.

"Yayanta ma haka yake dariya," ya ce a hankali. "Ina jiyo shi ta taga, ban san me yake yi ba." Ya mayar da hankicin aljihu. "Ka turo manyanka."

Tsawa na bayan kantar shago saƙon ya shigo.

"Baba ya ce in turo. Zauna kafin ki faɗi."

"Ba zan zauna ba. Birkina, da gaske?"

"Da gaske, amaryata."

Aka ɗaura aure bayan 'yan watanni. 'Yan ɗakin gem suka cika wurin, har da Kaftin, wanda ya zo tun kafin ranar ya ba Baba haƙuri, ya ba ango da amarya su ma.

Da za a tafi da ita, Baba ya riƙe ƙofar motar da kansa. Ya dubi Birki.

"Ga ta nan. Ba ta iya zama wuri ɗaya ba tun tana rarrafe, sai ka yi haƙuri da ita." Ya juya wurin 'yarsa. "Ke kuma ki rinƙa raga masa a wasan nan, mijinki ne yanzu."

Tana kuka tana dariya ta ce, "A gida zan raga masa, Baba. A can kuwa ban yi alkawari ba."

Baba ya yi dariya, irin wadda Mama ta daɗe ba ta ji ba. Ya ɗora hannu a kanta.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Duk inda kuka fita, Allah Ya dawo mini da ku lafiya."

Jama'a suka amsa da amin. Ya rufe ƙofar a hankali, ya tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana.