Allura Uku Kafin Ɗaurin Aure

Nasiba tana tsugune a gaban murhu tana shafa ƙullun kisra, wainar dawa mai faɗi, a kasko, sai mahaifiyarta Hajjo ta faɗo gidan ko sallama babu. Ta jefar da tobinta, mayafin da take naɗawa, a kan angarib, gadon igiya, ta zauna ta rafka tagumi.

"Inna, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Daga gidan Hajja Mairama nake. Ta ce a mayar musu da kayansu. Ta ce ɗanta ba zai auri mai ciwon hanta ba, ko da mata sun ƙare a Gadarif!"

Kisrar da ke kasko ta ƙone, Nasiba ba ta ma lura ba. Wata biyu kacal ya rage a ɗaura mata aure da Lukman, direban babbar mota mai ɗauko riɗi da dawa daga gonakin garin Doka zuwa kasuwar hatsi ta Gadarif. Shekara uku suna son juna, babu wanda ya taɓa jin kansu.

Makon da ya wuce ne Safaa, ƙanwar Lukman, ta yi zubar jini wajen haihuwa. Asibitin da aka kai ta ya cika da mutanen da yaƙi ya koro, jini ya yi wuya. Nasiba ce ta fara isa da gudu ta miƙa hannunta. Aka ɗebi kaɗan aka gwada, sai aka ja ta gefe aka ce ba za a karɓi jininta ba, akwai ƙwayar ciwon hanta mai suna B a cikinsa. Allah Ya sa wani maƙwabci ya bayar, Safaa ta tashi. Amma kafin Nasiba ta iso gida, maganar ta riga ta zagaye unguwa.

"Gobe zan kai ki wajen tsohon nan na bayan kasuwa," in ji Hajjo tana share hawaye. "Zai ɗora miki ƙarfe mai zafi a hannu, ya ba ki jiƙo. Haka ake yi wa masu shawara tun muna yara."

"Wallahi Inna ba inda za ni! Diktora, likitar da ta duba ni, ta ce jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba yana iya ƙara wa hanta wahala. Ki yi haƙuri, wannan karon ba zan bi maganarki ba."

Da la'asar Lukman ya zo, rigarsa duk ƙaiƙayin dawa. Ya tsaya a ƙofar gida idanunsa jajur.

"Nasiba, na faɗa wa Yumma in ba ke ba, to ba kowa. Khalas, shi ke nan! In ta ƙi, mu ɗaura a Doka, ina da abokai a can."

"A'a, Lukman. Ba zan shiga gidanka da fushin mahaifiyarka a kaina ba. Kuma ba zan shiga ba sai na tabbata ba zan cuce ka ba. Ka je a gwada jininka gobe. Hajja kuwa ka bar ni da ita."

"Ke? Za ta kore ki!"

"Ta kore ni ɗin. Zan koma."

Ta kuwa kore ta. Ranar farko Hajja Mairama ko amsa gaisuwarta ba ta yi ba. Rana ta biyu ta sa aka ba ta ruwa a wani tsohon gwangwani, tana gama sha aka jefar da shi bayan katanga a kan idonta. Nasiba ta yi kuka a hanya har ta ƙoshi, ta wanke fuska a famfon masallaci don kada Hajjo ta gani. A rana ta uku, Safaa ce ta fito daga ɗaki da jaririnta a kafaɗa.

"Haba Yumma! Ranar da nake tsakanin rai da mutuwa, 'yan'uwanmu nawa suka ce suna tsoron allura? Ita ce ta zo da gudu. Da ta yi zamanta a gida, wa zai sani? Alherinta ne ya tona ta, shi ne za mu saka mata da gwangwani?"

Hajja Mairama ta dubi 'yarta. Can sai muryarta ta karye.

"Ku yara ne. Ni na yi jinyar babanku wata bakwai. Cikinsa ya kumbura kamar tulu, idanunsa suka koma ruwan ƙwai, yana aman jini a hannuna. Likita ya ce hanta ce. Na binne miji, ba zan binne ɗa ba!"

Nasiba ta durƙusa a gabanta.

"Hajja, ban zo roƙon aure ba. Abu ɗaya na zo roƙo: ki bi ni wajen diktora, ki tambaye ta duk abin da ke ranki. In ta ce zan kashe miki ɗa, wallahi ni da kaina zan ɗauko kayan a ka in kawo miki."

"Kin yi rantsuwa fa, yarinya."

"Na yi."

Diktora Su'ad mace ce mai sanyin magana, wadda yaƙi ya taso daga Khartoum. Ta saurari Hajja Mairama har ta gama, ba ta katse ta ba.

"Ya Hajja, wannan ƙwayar ba ta bin kofi, ba ta bin kwanon abinci, ba ta bin gaisawa. Hanyarta jini ce: reza ɗaya a kan mutum goma, allurar da aka yi wa wani, tsaga da ƙaho da kayan da ba a tsabtace ba. Tana bin kwanciyar aure, tana kuma bin haihuwa daga uwa zuwa ɗa."

"To ai kin faɗa da bakinki, aure!"

"Ban gama ba. Akwai rigakafi. Na duba jinin Lukman, ba shi da ita. Za a yi masa allura uku cikin wata shida, sannan mu sake gwadawa mu tabbatar jikinsa ya samu kariya. Daga nan, da yardar Allah, ya tsira. Nasiba kuma hantarta lafiya lau take a yanzu. Za ta riƙa zuwa duk wata shida muna dubawa, in an kai ga magani akwai shi. Ta guji magani barkatai, ta guji gyaɗa da hatsin da suka yi fumfuna. Duk jaririn da ta haifa, a yi masa allura a ranar, kada a kwana."

Hajja Mairama ta murza bakin tobinta.

"Malam fa, maigidana? Da ya zo da wuri..."

"Allah ne Masani, ban ga takardunsa ba. Amma ciwon hanta yakan zauna shekaru ashirin, talatin, ba ciwo ba zazzaɓi. Wanda bai san yana da shi ba shi ne a cikin haɗari. Wannan yarinya ta sani."

Hajja Mairama ba ta sauko nan take ba. A bakin ƙofar asibiti ta juyo ta nuna Lukman da yatsa.

"Ba aure sai an yi allura ta ukun. Kuma da idona zan ga kowace allura ta shiga!"

"Na yarda, Hajja," in ji Nasiba kafin Lukman ya buɗe baki.

Wata shidan nan ba su zo da sauƙi ba. Wasu ƙawaye suka daina cin abinci da ita. Wata dattijuwa ta kawo wa Hajja Mairama hoton jikarta har sau biyu, ko za a haɗa ta da Lukman. Lokacin allura ta biyu ya faɗo a tsakiyar girbin riɗi, mai motar ya ce in Lukman ya bar Doka a ranar, to ya ajiye makulli. Lukman ya ajiye, ya hau bas ya taho, ya yi mako uku ba aiki kafin ya samu wata motar. Nasiba kuwa ta ja Hajjo da ƙannenta biyu aka gwada su, aka yi wa waɗanda ba su da ƙwayar rigakafi.

Da sakamakon Lukman ya fito bayan allura ta uku, Hajja Mairama ta je gidan Hajjo da kanta. Ta dafa gahawar jabana, ta zuba a finjali ɗaya, ta miƙa wa Nasiba. Da Nasiba ta kurɓa, sai Hajja ta karɓa ta shanye sauran.

"Ki yafe mini, 'yata. Tsoro ne ya rufe mini ido."

Bayan shekara ɗaya da biki, Nasiba ta haifi ɗa namiji da hantsi a ƙaramin asibitin unguwa. Ungozoma ta ce allurar jarirai ta ƙare musu, a dawo mako mai zuwa.

"Mako mai zuwa? La wallahi!" Hajja Mairama ta naɗe jaririn a tobinta, ta tare raksha mai ƙafa uku a titi. Asibiti biyu ta zaga cikin rana mai zafi, ta yi faɗa da mai gadi, ta tsaya a layi tana huci. Kafin kiran la'asar ta dawo da yaron yana tsala kuka, auduga manne a cinyarsa.

"Ga mijina nan, an yi masa!" ta ce, ta ɗora shi a ƙirjin Nasiba, sannan ta zube a kujera tana dariya tana hawaye.

Haka haƙurin Nasiba da tsayuwarta suka kai ta ga abin da take so ba tare da ta raba ɗa da uwarsa ba. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma gudun mai ciwo ba ya kare kowa. Abin da ke karewa shi ne a je a gwada jini, a yi rigakafi, a tambayi masu sani tun hanta ba ta gaji ba.