Monitar Kusurwar Gabas

Rana ta yi ja lokacin da ɗan kabu-kabu ya sauke Zinatu a Sarandosa, laftof a goye cikin zane kamar jinjiri, ƙaramin akwati a hannu. Daga Jega take. Gobe da hantsi za ta buɗe ajin koyon kwamfuta na 'yan mata a zauren mahaifinta, marigayi Malam Hamidu. Baffa Alu, ƙanen Malam, ya riga ya yanke magana: in ajin bai tashi gobe ba, jibi zauren ya zama rumbun albasarsa. Har ya jibge buhuna a bakin ƙofa don ta san ba wasa yake ba.

Matsalarta guda ce. Tsofaffin monitoci uku gare ta, masu ƙeya kamar tulu, laftof ɗin kuwa kafa ɗaya tak ke fitar da hoto a jikinta. Waliyyu mai gyara a kasuwar Jega shi ya haɗa ta da ƙaramin akwatin nan na raba hoto, waya ɗaya ta shiga, huɗu su fita.

"Na'urar ga hoto biyu kaɗai taka iya ɗauka," in ji shi, "na huskarta da na waje guda. Akwatin kwahe shi kawai shika yi, duk monitocin abu guda za su gwada miki. In anka matsa mata na ukku, sai guda ya mutu."

Ta jera biyu a kan benci. Ta uku ce wayarta ba ta kai benci ba, sai dai a kai ta kusurwar gabas. A kusurwar nan kuwa akwai wani tsohon buzu da ba wanda ya taɓa zama a kai. Malam da kansa yake share shi, kuma kullum yakan tashi karatu kafin magariba, yana cewa yana da ɗaliban da lokacinsu ke nan. Zinatu ta san wannan sarai. Amma ko a cikin 'ya'yan Malam ita ce sarauniyar taurin kai, ga kuma warin albasar Baffa yana yi mata gori daga ƙofa. Ta naɗe buzun ba ko sallama, ta jefa shi bayan benci, ta girke tebur.

Ta ja janareto. Aka fara kiran salla daga nesa. Ta ce a ranta gwaji ɗaya za ta yi ta tafi.

Monitocin suka yi ƙara, suka farka. Hoton shuɗin sama da koren tudu ya fito a ta farko, ya fito a ta biyu. Daɗi ya kama ta har ta yi dariya ita kaɗai.

Fuskar laftof ta ɗauke ɗif.

Ta danna, ta sake dannawa. Shiru. Sai warin fetur da na albasa suka gushe, wani ƙamshi ya maye gurbinsu, na tawada da hayaƙin kara, irin na karatun asuba tun tana yarinya. Ta waiwaya kusurwar gabas.

Monita ta uku ba tudu take nunawa ba. Zauren take nunawa. Ga benci, ga ƙofa, ga wata mace da shuɗin mayafi ta juya baya. Ita ce. Kewaye da ita mutane ne zaune sahu-sahu cikin fararen kaya, alluna a cinya, suna rangaji gaba da baya.

Ta dubi ɗakin. Ba kowa.

Ta dubi monitar. Sun daina rangaji.

Monitar ba ta da lasifika, amma daga cikinta wata murya ta fito, siririya, kamar iska a kafar kara.

"Ina buzunmu?"

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ƙofa na nan kusa, taku kaɗan. Amma bayan ƙofar buhunan Baffa ne, kuma ta san in ta fita da gudu yau, ta fita ke nan.

"Zauren ubana na," ta ce. "Ba ni barin shi."

"Mun riga ki zama."

"Na sani. Na yi laihi, zan maido buzu. Amma ku da magariba, mu da hantsi. Hakanan kunka yi da Malam, hakanan za ku yi da ni."

Na gaban sahu ya fara juyo da kansa, sannu a hankali. Ba ta jira ta ga fuskar ba. Ta kai hannu ta fizge wayar monita ta uku daga akwatin.

Fuskar laftof ta dawo. Monita ta uku kuma ba ta mutu ba.

Hoto uku.

Wani sanyi ya soki idonta na hagu, kamar an ɗiga masa ruwan randa. Rabin ɗakin ya ɓace.

Janareto ya yi tari ya mutu. Hasken kusurwa bai ko girgiza ba. Ta ji numfashi a ƙeyarta, ta ji gefen mayafinta ya yi nauyi. Da lalube ta jawo buzun, ta ture teburin da kafaɗa, ta shimfiɗa shi a mazauninsa.

"Salamu alaikum," ta ce da ƙyar.

Aka saki mayafin. Ta rarrafa waje ta faɗi kan buhunan albasa, tana karanta duk abin da ya zo bakinta.

Da hantsi 'yan mata suka zo, suka tarar da malamarsu da ƙyalle ɗaure a ido ɗaya, monitoci biyu suna aiki. Baffa Alu ya leƙo, ya ga ta ukun a ƙasa kusa da buzu, ba waya a jikinta. Ya ɗora hannu a kanta, ya ji ta da ɗumi.

"Baffa, in kana son kusurwar, shigo da buhunan da kanka," in ji Zinatu.

Kafin azahar ya sa an kwashe su.

An kai ta asibiti a Jega, likita ya haska ya ce bai ga ciwon komai ba. Idon dai bai sake ganin rana ba. Amma kullum da magariba, in ta zo rufe zaure, da shi take ganin sun fara shigowa. Takan matsa gefe ta ba su hanya, ta yi sallama, sannan ta ja ƙofa.